Kowace Halitta Da Sunanta: Tatsuniyoyin Koriya A Bakin Mai Fassara

Jama'ar Gaya da Ajingi, na Kademi da Shagogo, na Toranke da Balare da Gafasa, da duk inda muryarmu ta kai, shirinmu na yau zai tsaya ne a kan wani aiki da ake yi wa kallon ƙarami, wato sunan da ake raɗa wa halittun tatsuniyar wata al'umma idan an juyo labarinsu zuwa Hausa. Daga Koriya za mu ɗauko misalanmu, domin finafinan ƙasar masu dogon zango sun riga sun shiga wayoyin 'ya'yanmu. Ana tura su a shagunan caji, wasu da rubutun Turanci a ƙasa, wasu kuma an ɗora musu muryar Hausa, irin aikin da kamfanoni kamar Algaita suka yi fice da shi a Kano a kan finafinan Indiya. Tun daga Jumong, wanda tashar MBC ta fara nunawa a 2006 har ya kai kashi 81, idon matasanmu ya saba da fuskokin mutanen can da rigunansu da fadojinsu. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne: idan mai fassara ya gamu da wata halitta ta tatsuniyar Koriya, ya bar ta da sunan da masu ita suka ba ta, ya daidaita shi da bakin Bahaushe, ya ƙara jimla ɗaya ta bayani. Kada ya yi gaggawar ce mata dodo ko aljani, domin waɗannan sunaye suna da masu su tun tuni.

Mu fara da wanda aka fi yi wa rashin adalci, wato dokkebi. A tatsuniyoyin mutanen Koriya, dokkebi yana samuwa ne daga tsohon kayan gida da ya daɗe a hannun mutane aka yar da shi: tsohuwar tsintsiya, taɓarya, sandar tona wuta, musamman idan jinin mutum ya taɓa su. Ba kurwar mamaci ba ce. Halinsa son wasa da tsokana, ga son kokawa. Yakan tare matafiyi da daddare ya ce sai sun kama, mutumin ya kayar da shi ya ɗaure a jikin bishiya, da gari ya waye ya dawo ya tarar tsohuwar tsintsiya ya ɗaure. Yana da kulki wanda idan ya buga shi a ƙasa dukiya ke fitowa, yana kuma da hula mai ɓoye wanda ya sa ta, abin da mu za mu ce tana aikin layar zana. Ga kuma wauta: akwai labarin dokkebin da ya ranci kuɗi wurin wani talaka, ya riƙa zuwa kullum yana biya saboda ya manta ya riga ya biya, har talakan ya yi arziki. Akwai na wanda ya faɗa wa wani mutum cewa jinin doki yake tsoro, mutumin ya ce shi kuwa kuɗi yake tsoro. Da mutumin ya zuba jini a ƙofar gida don ya rabu da shi, sai dokkebi ya fusata ya zo ya yi ta watsa masa kuɗi a tsakar gida da nufin ramuwa. To, wannan halitta ce aka ba sunan Goblin a Turanci, har shirin da tashar tvN ta fara nunawa a watan Disamba na 2016, wanda Gong Yoo ya fito a ciki, duniya ta san shi da wannan suna, alhali a ƙasarsu Dokkebi ake ce masa. Goblin kuwa a tatsuniyar Turawa wani ɗan guntun abu ne mummuna mai mugun nufi. Mai fassararmu da ke aiki daga rubutun Turanci ya ga wannan kalma, ya duba abin da ya fi kusa, ya ce Dodo. An yi asara sau biyu ke nan, ɗaya a hanyar Koriya zuwa Turanci, ɗaya a hanyar Turanci zuwa Hausa.

Duk wanda ya taso yana jin ga ta nan ga ta nanku a bakin kaka ya san Dodo. Ƙato ne mai gashi, mazauninsa ƙungurmin daji ko gulbi, aikinsa haɗiye mutane, wani lokaci ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri yarinyar da ta ƙi samarin garinsu ya tafi da ita. Da shi uwa ke tsorata yaro mai kukan dare. Yaron da ke Gaya yana kallo a waya, idan ya ji an ce Dodo, zuciyarsa ta riga ta shirya wa abin tsoro, sai kuma ya ga halittar tana raha, tana saka wa mai kirki, tana jin kaɗaici tana neman abokin hira. Labarin ya rikice masa, ba kuwa don marubucin bai iya ba. Su kansu mutanen Koriya sun ɗanɗana wannan ruɗani a gidansu. Japan ta mulke su daga 1910 zuwa 1945, kuma masana al'adunsu da dama suna cewa hoton dokkebi mai ƙaho, mai banten fatar damisa da kulkin ƙarfe mai ƙayoyi, wanda ya cika littattafan yara, siffar oni ce ta Japan da ta shigo ta littattafan makaranta na wancan zamani. Har yanzu suna ƙoƙarin tsame nasu daga na baƙi. Bai kamata mu zo daga nesa mu ƙara masa wata fuskar da ba tasa ba.

Batun ya fi fitowa fili idan aka zo kan yong da imugi. Yong shi ne wanda Turanci ke kira dragon. Na Turawa wuta yake fesawa, yana kwance a kan dukiya, jarumi ya zo ya kashe shi a yi murna. Yong kuwa na ruwa ne. Shi ake dangantawa da hadari da damina, manoma da masunta na da can suna girmama shi, kuma surarsa ce ake ɗinkawa a rigar sarki a wancan zamani. Tarihinsu ya kawo cewa Sarki Munmu na daular Silla, wanda ya rasu a shekara ta 681, ya yi wasiyya a sa tokarsa a teku don ya zama yong mai tsare ƙasa, kuma har yau ana nuna dutsen da ke cikin ruwa kusa da Gyeongju a matsayin makwancinsa. Sarkin da ya yi irin wannan fata ba dodo yake so ya zama ba. A wajenmu abin da ya fi kusa shi ne Gajimari na tsohuwar al'adar Maguzawa, macijin da aka ce yana tashi sama ya zama bakan gizo. Amma aikinsu kishiyar juna ne: Gajimari shanye ruwan yake yi, shi ya sa ake ce wa bakan gizo masha-ruwa, yong kuwa kawo shi yake yi. Imugi kuma ƙaton maciji ne da bai kai ga zama yong ba tukuna. Sai ya yi shekara dubu a cikin ruwa yana jira, ya sami wani dutse mai daraja da suke kira yoiju, sannan ya hau sama. Wani ya samu, wani ya rasa ya zama mugu saboda takaici. Duk labarin imugi ya rataya ne a kan wannan tazara da ke tsakaninsa da yong. Mai fassarar da ya kira su duka biyun maciji, ko duka biyun dodo, ya cire abin da ake labarin a kansa, ya bar mai kallo yana mamakin me ake wa faɗa.

Haka gumiho. Ma'anar sunan ita ce yanyawa mai wutsiya tara, wadda ta daɗe a duniya har ta iya rikiɗa ta zama mace, tana cin hantar mutum, kuma babban burinta ta zama mutum ta gaske. Sin da Japan suna da 'yan uwanta, kowacce da sunanta da halinta. Idan aka ce mata dila, Bahaushe zai tuna malamin daji mai wayon raba gardama a tatsuniya, wanda ba ruwansa da hantar kowa. Idan aka ce mata mayya, an jawo wata kalma mai nauyi, wadda a garuruwanmu ake jifan mutane masu rai da ita har a raba zumunci. Gumiho ba ta da wuyar faɗa. A bar ta gumiho.

Yanzu ga wurin da na fi so malamai da iyaye su saurara da kyau. Kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara ita ce aljani, domin a maganar yau da kullum duk abin da ba a gane ba a kan jingina shi ga aljanu. Amma aljani a wurin Musulmi ba tatsuniya ba ne. Halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar da ita, aka yi ta daga wuta, aka ɗora mata hukunci, akwai sura guda da ke ɗauke da sunansu, ta 72. Idan muka ɗauki wannan suna muka liƙa wa wani abu da aka ce tsohuwar tsintsiya ce ta zama shi, mun haɗa abin da aka yi imani da shi da abin da aka ƙaga don hira. Yaro ɗan shekara goma ba zai raba su ba. Ko dai ya ɗauka aljani daga tsintsiya yake fitowa, ko kuma, idan ya girma ya gane dokkebi ƙage ne, ya ɗauka duk maganar aljanu ma haka take. Wanda ya fi wannan hatsari shi ne joseng saja, mutumin nan mai baƙar riga da baƙar hula mai faɗin baki da ke zuwa ɗaukar ran mamaci a finafinan Koriya. A tatsuniyarsu ma'aikaci ne a fadar Yomna, sarkin matattu. Yana tafe da takardar sunaye, wani lokaci su zo su uku, yana iya kuskure ya ɗauko wanda ba shi aka aiko a ɗauka ba, kuma a tsohuwar al'adarsu iyalan mamaci kan ajiye masa shinkafa da takalma da 'yan kuɗi a ƙofar gida don ya sassauta wa nasu a hanya. Mai fassarar da ya ce wa wannan Mala'ikan Mutuwa ya sa a bakin 'yan wasa cewa mala'ika na kuskure, yana karɓar toshi. Ba da nufi ya yi ba, na yarda, amma ya yi. A nan ne ma dokar da na kawo take da iyaka, domin saja a kunnen Bahaushe muƙamin soja ne, barin sunan yadda yake zai kawo wani ruɗanin. Mafita ita ce a siffanta shi da aikinsa: dogarin sarkin matattu, ko ɗan aikensa. Duk wanda ya san fada ya san dogarin da ake aika ya zo da mutum gaban sarki, kuma wannan shi ne ainihin matsayinsa a labarin.

Ban ce kada a taɓa amfani da kalmar Hausa ba. Gwishin, wato kurwar wanda ya mutu da ƙulli a zuciya take dawowa cikin fararen kaya da gashi a barbaje, fatalwa ce, kuma fatalwa ta wadatar. Ma'aunin shi ne a duba asalin halittar, da aikinta a labari, da abin da mai sauraro zai ji a ransa idan an ambaci sunan. Inda ukun suka dace da kalmarmu, a yi amfani da ita.

Wani zai ce, Malam, wannan duk wahalar banza ce, mutanen karkara ba za su iya riƙe baƙin sunaye ba, aikin mai fassara ai sauƙaƙawa ne. Wannan magana ta raina Hausa da masu ita. Aljani da shaiɗan da mala'ika da ifiritu duk daga Larabci muka karɓe su, muka lanƙwasa su har suka zauna a bakinmu. Masu kallon finafinan Indiya sun san Nagin, macijiyar da ke zama mace, ba wanda ya buɗe musu aji. Yaron da ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya ba dokkebi ne zai gagare shi ba. Wani kuma zai kawo hujjar da ta fi wannan ƙarfi, ya ce ai Abubakar Imam a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiya ya mayar da su na Hausa tsaf, ba wanda ya ce ya yi laifi. Gaskiya ne, kuma aikinsa abin alfahari ne. Amma Imam gaba ɗaya ya sake gina labaran: ya sauya gari, ya sauya sunayen mutane, ya sa musu rawani da alkyabba, har mai karatu bai ga sauran baƙunta ba. Wanda ya so ya yi wa tatsuniyar Koriya haka, ya rubuta sabon labari da Dodo a ciki, ƙofa a buɗe take. Mai ɗora murya a kan fim ba shi da wannan dama, domin hoton na nan yadda yake, ido na ganin Koriya. Idan kunne na jin Dodo ido kuma na ganin wani abu daban, ɗaya ya ƙaryata ɗaya. Maganar cewa babu lokacin bayani a fim kuwa, masu fassararmu sun saba cusa barkwanci da karin magana a tsakanin maganganun 'yan wasa, kuma jama'a na son hakan. Wanda ya sami sararin barkwanci zai sami sararin cewa, sau ɗaya a farkon shiri, wannan shi ake kira dokkebi, a tatsuniyarsu daga tsohon kayan gida yake samuwa.

Akwai kuma mai cewa, tatsuniyar mutanen da ba addininmu ɗaya ba, me ya dame mu da daidai ko kuskure a cikinta? Amsa ta farko na riga na bayar: barin halittar da baƙon sunanta shi ne yake tsare aƙidar yaro, domin sunan da kansa yana shaida masa cewa wannan hirar wasu ce. Amsa ta biyu tana cikin abin da aka yi mana. A 1913 Tremearne da Rattray kowannensu ya fitar da littafin tatsuniyoyin Hausa da Turanci, kuma a cikinsu Gizo ya koma sunan ƙwaron nan mai saƙa kawai. Gizon da muka sani mai tsamin baki ne, mijin Ƙoƙi, mai gona, mai zuwa fada ya yaudari sarki. Baturen da ya karanta ya ga ƙwaro. Takwaran Gizo na mutanen Akan a Gana, Anansi, ya ƙetare teku da sunansa har Jamaika, kuma yau da wannan suna duniya ta san shi. Dalilan shahararsa suna da yawa, amma da an shafe sunan tun farko babu abin da za a shahara da shi. A 1914 Tremearne ya sake fitar da littafi a kan bori, bayan bincike a cikin Hausawan Tunis da Tarabulus. A ciki ya jero iskoki da sunayensu, amma a bangon littafin ya tattara su duka ƙarƙashin kalmar Turanci guda mai nufin shaiɗanu. Hukuncin bori a addini sananne ne, malamai sun yi bayaninsa tun zamanin Shehu Usmanu. Amma mai nazarin tarihi yana bukatar ya san cewa a wurin masu abin, Sarkin Rafi daban, Ɗan Galadima daban, Inna daban. Mu ma mun yi wa maƙwabta irin wannan, da muka kira duk masu shigar al'ada na kudancin Kaduna da Filato dodanni, alhali kowace ƙabila da sunan da take kiran nata. Wanda ya ji zafin a taƙaita nasa bai kamata ya taƙaita na wani ba.

Mutanen Gaya kuwa suna da dalili na musamman na yin hattara da kamanni. A kudancin Koriya an yi wata tsohuwar ƙasa mai suna Gaya, ƙawancen garuruwa a kwarin kogin Nakdong, wadda ta yi suna wajen narkar da tama da cinikin ƙarfe, har daular Silla ta haɗiye ta a shekara ta 562. A 2023 hukumar UNESCO ta sa kaburburan sarakunanta cikin kayan tarihin duniya. Mu kuma tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga Gaya ya je gindin Dala neman tama, kuma Abagayawa zuriyarsa ne. Suna ɗaya, sana'a ɗaya. Duk da haka babu wata alaƙa tsakaninsu, dacewa ce kawai, kuma duk wanda ya tashi ya ce asalinsu ɗaya za a nemi ya kawo hujja. Irin wannan taka-tsantsan ake bukata idan an ga halittar Koriya ta yi kama da tamu ta wani gefe. Kamar tagwayen masara ne a buhu ɗaya da aka noma a gonaki biyu, sai an tambaya ake sanin ta wace gona ce.

Aikin ba shi da tsada. Sunan asali na kowane shiri yana nan a intanet, bayanin halittun ma haka, kuma Cibiyar Al'adun Koriya tana Abuja tun 2010 ga wanda yake son ya tambayi masu abin. Kiran da nake yi ga masu fassara na Kano da matasanmu na Gaya da Ajingi da suka fara koyon wannan sana'a shi ne, kafin ku ɗora murya, ku nemi sunan da 'yan wasan suke furtawa da bakinsu, kada ku tsaya ga rubutun Turanci da ke ƙasa. Ku ajiye aljani da mala'ika inda addini ya ajiye su. Malaman Hausa na makarantun sakandare, ku sa ɗalibai su je wurin kakanninsu su rubuto sunayen halittun tatsuniyarmu da halin kowacce, Dodo da Gizo da Ƙoƙi da Zanƙallala da Botorami, domin wanda bai san nasa da kyau ba shi ne yake rabar da sunayensu ga baƙi. Iyaye kuma, idan kun ji an ce dodo ko aljani a wayar yaro, ku tambaye shi me ya gani, ku gyara masa.